Obakulok ko ƙara RAM: wanne ne zai hana gem maƙalewa a laftof marar girafik kad?

Duk wanda ke buga gem a laftof irin tamu ta gwanjo, su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T480, ya san inda abin ke masa ciwo. Ka kunna PES ko GTA V, mintunan farko komai lafiya lau, can sai fanka ta fara ihu, hoto ya fara tsalle-tsalle, ka danna fas amma ɗan wasa sai ya gama shawara kafin ya saki ƙwallo. Toh a nan ne mutum zai faɗa YouTube ya ji wani na cewa ai obakulok ne maganin, wato ka tilasta wa girafik ɗin gudu sama da yadda kamfani ya saita shi. Ni dai so nake mu jera obakulok ɗin nan da sauran hanyoyin da ake da su mu ga wanne ya cancanci kuɗinka da lokacinka, don wallahi ina jin takaicin ganin yaro ya kashe laftof ɗin da iyayensa suka yi ta faɗi-tashi suka saya masa don karatu, a kan ƙarin firem biyu ko uku (firem shi ne yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa) da ko idonsa ba zai gani ba.

Sai ka fara sanin me ke cikin cikinta tukuna. Yawancin irin waɗannan laftof ba su da girafik kad na daban, girafik ɗin yana cikin furosesa ne, gida ɗaya suke. In Intel ce ƙarni na 6 za ka ga HD 520, na 7 HD 620, na 8 UHD 620, kuma kar sunayen su ruɗe ka, duka ukun kusan abu ɗaya ne, kowanne sassan aiki 24 gare shi. Sai a 2020 da ƙarni na 11 ya fito da Iris Xe aka samu tsalle na gaske, 80 a i5-1135G7, 96 a i7-1165G7. Ɓangaren AMD kuma Vega 8 ne ya fi yawa a hannun mutane, wanda ke cikin Ryzen 5 2500U da 3500U. Zama gida ɗayan nan yana jawo abu biyu da duk maganar nan ta rataya a kansu. Girafik ɗin ba shi da ma'adana tasa, daga RAM ɗinka yake ara. Sannan wutar da aka ware, da furosesa da girafik tare suke rabawa, kuma duk furosesan da ka ga harafin U a ƙarshen lambarsa a irin waɗannan, wat 15 ne kason da aka yanka masa na dogon aiki.

Yanzu obakulok ɗin kansa. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa da wuri shi ne ƙofar a kulle take. Intel na buɗe ta ne ga furosesa masu harafin K a kwamfutar tebur da masu HK ko HX a manyan laftof na gem, masu U ɗin nan kam a'a. Ka sa manhajar obakulok ta MSI Afterburner, za ka ga ma'aunan amma sandunan ƙara gudun ba sa motsi a kan girafik ɗin Intel. Ka sa Intel XTU, ko ya ƙi shiga gaba ɗaya ko ya shiga wuraren da kake so sun dishe ba sa dannuwa. Ryzen Master shi ma ba na laftof ba ne, zai ce maka bai san furosesan ba. Abin da ya rage shi ne a shiga BIOS, wato manhajar da ke tayar da laftof kafin Windows, ta bayan gida, a buɗe ɓoyayyun saiti ko a ɗora wanda wani ya yi wa kwaskwarima, kuma nan ne ake kwana ciki. Lamba ɗaya ka sa ba daidai ba, ko a ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa alhali batirin laftof ɗin gwanjo dama ba ya riƙe caji, shikenan ka danna madanni fitila ta kawo allo baƙi ƙirin. Gyaran sai mai gyara da ya iya maƙala ɗan na'urar nan CH341A a kan guntun BIOS ya sake rubuta shi, in an yi sa'a yana da asalin fayil ɗin da ya dace da madabod ɗinka.

Toh mu ɗauka ma ka yi nasara ƙofa ta buɗe. Bari mu yi lissafi. UHD 620 da ke cikin i5-8250U ƙarshen gudunsa MHz 1100 ne. Ka tura shi 1200, ƙarin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. In gem ɗinka na tafiya a firem 25, mafi kyawun abin da za ka samu shi ne 27, kuma wannan in komai ya tafi yadda ake so ne, wanda ba ya tafiya, saboda sau da yawa girafik ɗin ko 1100 ɗin nasa na gado ba ya iya riƙewa in wasa ya yi nisa, wat 15 ɗin ba ta isa. Ƙarin gudu na son ƙarin bolt, shi kuma cin wuta yana hawa ne da bolt sau bolt, don haka ɗan ƙari kaɗan sai zafi ya yi sama sosai, na'ura ta ja birki da kanta don kar ta ƙone, ka ga firem na hawa na faɗuwa, wanda ya fi ƙarancin firem ɗin ban haushi nesa ba kusa ba. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu a nan sam.

RAM kuwa wata magana ce daban, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Galibin laftof ɗin da ake kawowa kasuwa, ko a Farm Centre ta Kano ka saya ko Banex a Abuja ko Computer Village ta Ikko, za ka tarar sanda ɗaya ce ta 8GB a ciki, ramin na biyu fayau. Mutum zai ce ai 8GB ta ishe ni, kuma a yawa ta ishe shi ɗin, amma ba yawan ne damuwar ba, faɗin hanyar ne. Sanda ɗaya layi ɗaya take aiki da shi, sanda biyu layi biyu. DDR4-2400 a layi ɗaya tana wuce da 19.2GB a daƙiƙa, a layi biyu 38.4GB. Tsohuwar DDR3L-1600 daga 12.8 take komawa 25.6. Girafik kuma duk hoton da zai zana sai ya ɗebo kaya daga RAM ya mayar, ga furosesa shi ma ta wannan hanyar yake bi. Kamar injin niƙa ne da yaro ɗaya ke kawo wa hatsi da ƙaramin kwano, ko ka ƙara wa injin wuta ya yi ta kuka garin ba zai ƙaru ba, sai ka samo yaro na biyu. Ba wai firem zai ninka biyu ba, a'a, kar wani ya yaudare ka, amma a irin wannan girafik ɗin babu wani abu guda da za ka yi da zai ba ka ƙarin da sanda ta biyu ke bayarwa, musamman a Vega 8 da Iris Xe da suka fi yunwar hanya. Gem ɗin da ke jan ƙafa a ishirin da 'yan kai yakan haura talatin, kuma wannan ƙanƙame-ƙanƙamen da yake yi in ka juya kyamara da sauri yana raguwa sosai.

Dubawa ba wuya. Buɗe Task Manager, shiga Performance, danna Memory, can ƙasa za ka ga Slots used, in ya ce 1 of 2 to kana da rami a buɗe. Ko ka sa CPU-Z ka je shafin Memory ka duba Channel, Single yake cewa ko Dual (sabbin CPU-Z kan rubuta 1 x 64-bit ko 2 x 64-bit). In za ka sayi sanda ta biyu ka tafi da laftof ɗin shagon, a sa a gabanka, ka buɗe CPU-Z ka ga layi biyun da idonka kafin ka miƙa kuɗi. DDR3L da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kar a danna da ƙarfi. Kar kuma ka biya kuɗin mai 3200 don kana son gudu alhali i5-8250U ƙarshensa 2400 ne, na ƙarni na 6 kuma 2133, saukowa za ta yi ta bi abin da furosesa ya iya. Mafi kyau su zo daidai, 8 da 8 ko 4 da 4. In 8 da 4 ka haɗa shi ma yana yi, wani ɓangare zai tafi a layi biyu ragowar a ɗaya, ya dai fi babu. Akwai siraran laftof da RAM ɗinsu a like yake da madabod ba rami ko ɗaya, waɗannan sai haƙuri, wasu kuma kamar T480s ɗaya a like ɗaya rami.

Af, wannan dabarar da ake yaɗawa ta shiga BIOS ko rajistar Windows a ƙara wa girafik ma'adana daga 128MB zuwa 1GB ko 2GB, ba ta ƙara gudu ko kaɗan. Windows da kanta tana ara masa har kusan rabin RAM ɗinka in ya buƙata. Amfaninta kawai shi ne tsohon gem ɗin da ke ƙin buɗewa don ya ga lambar ta yi ƙanƙanta.

Sai zafi, wanda mu nan shi ne babban abokin gaba. Furosesan Intel ɗin nan in ya doshi digiri 100 dole ya sauke gudu, kuma iskar da fanka ke ja ta ɗakinka ce, wanda ke ɗaki mai digiri 22 da wanda ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ana 40 da wani abu ba daga wuri ɗaya suka fara tsere ba, don haka saitin da ka gani ya yi wa wani a Jamus aiki ba lallai ya yi maka ba. Ga ƙurar hunturu kuma. In ka kwance murfin bayan laftof ɗin da ta shekara biyu ba a buɗe ba ka ɗaga fankar, tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke fita za ka ga ƙura ta dunƙule ta yi tabarma mai kauri, toka-toka, har da gashi da zare, kana jawo ta da ɗan tsinke sai ta fito a haɗe gaba ɗayanta, fanka na ta juyi amma iska ba inda take zuwa. Ka cire bututun tagullar nan kuma sai ka tarar man da aka shafa a kan furosesa ya bushe ya tsattsage yana marmashewa. A cire batir tukuna, a riƙe fankar da yatsa lokacin hura iska kar ta yi ta wulwulawa, a goge tsohon man tas da sifirit, a ɗiga sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, a ɗaure sukurori bi da bi yadda lambobin jikinsu suka nuna. Wannan aikin ba ya ƙara wa laftof ƙarfin da ba ta da shi, amma yana dawo mata da wanda ta rasa, kuma in gem ɗinka irin mai farawa da kyau ne ya lalace bayan minti goma, to kusan kullum nan matsalar take. Don Allah kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko kafet ana wasa, ko littafi ne ka sa ka ɗaga bayanta iska ta shiga ta ƙasa.

Caja ma a duba ta. A batir kaɗai laftof na rage ƙarfi da gangan, sai a jone take sakin jiki. Dell kuma tana tantance cajarta ta wannan siririn tsinken da ke tsakiyar kai, in ba ta gane ta ba sai ta rubuta a BIOS cewa ba ta san irin cajar ba, ta sauke gudun furosesa ƙasa sosai, wani lokaci ma ta ƙi cajin batir. Mutum na can yana neman obakulok ashe cajar bogi ce ta ɗaure shi.

Yanzu ga wadda mutane ke mamaki, wato ka rage maimakon ka ƙara. Tunda wat 15 ɗin rabawa ake, duk abin da furosesa ya bari girafik ne ke ci. Furosesa yana da ɗabi'ar zabura zuwa turbo, wato ƙarin gudun da yake yi da kansa, ko da gem ɗin bai buƙata ba, ya shanye wutar ya bar girafik da saura. In ka shiga Power Options, Change advanced power settings, Processor power management, ka mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99, turbo ya mutu kenan, ko ka sa alama a Disable Turbo a cikin ThrottleStop, manhajar saita furosesan Intel. A i5-7200U asarar kaɗan ce, daga 3.1 zuwa 2.5 GHz, haka i5-6200U daga 2.8 zuwa 2.3, zafi ya sauka girafik ya samu sarari. Amma a i5-8250U ka yi hattara, shi in ka kashe turbo daga 3.4 zai faɗo har 1.6 GHz, faɗuwar ta yi yawa, gara ka yanke masa rufi a tsakiya ta ThrottleStop ɗin, misali 2.5. Masu buga gem ɗin PS2 ta PCSX2 kuma kar ku taɓa turbo, shi wannan furosesa yake ci ba girafik ba.

Rage bolt ɗan'uwan wannan ne kuma ya fi shi daɗi in ƙofar a buɗe take, don gudu bai ragu ba amma cin wuta da zafi sun ragu. A ThrottleStop ɗin dai, cikin FIVR, ana farawa da kamar −50 mV a CPU Core da CPU Cache tare, a buga gem a gani, a riƙa ƙarawa goma-goma har ranar da ta kawo shuɗin allo, sai a koma baya taki biyu a zauna a nan. Ba ya ƙona komai, in ta faɗi ka sake kunnawa kawai, muddin ba ka sa ya riƙa tashi tare da Windows ba tun kafin ka tabbatar. Matsalar ita ce a Disambar 2019 masu bincike sun fito da wata ɓaraka ta tsaro da aka kira Plundervolt, wadda ta wannan rage bolt ɗin ake bi, daga nan kamfanoni da dama suka kulle shi a sabbin BIOS, irin waɗannan furosesan na ƙarni na 11 zuwa sama kuwa dama a kulle suke zuwa. A Windows 11 kuma in Memory integrity na kunne ThrottleStop ba ya iya taɓa bolt. Ka gwada, in ka ga lambar Offset ta canza a teburin da ke sama to ya kama, in tana nan a sifili ka bar shi, kar ka ce sai ka koma tsohon BIOS a kan haka.

Wani amfanin ThrottleStop da na fi so ma shi ne akwatin Limit Reasons. Ka bar shi a buɗe ka shiga gem, in ka fito ka duba. Ja na nufin abin na faruwa yanzu, rawaya na nufin ya faru ɗazu. In THERMAL ne ya haska, je ka share fanka. In PL1 ne, wato kason wutar nan na dogon aiki, wuta ce ba ta isa, sai rage turbo ko bolt. In BD PROCHOT ne, wani abu daga waje ne ke jan birkin, sau da yawa caja ko batir. Kaga ka daina lalube a duhu.

Hanyar da ba ta cin ko sisi kuma ita ce rage girman hoto. 1080p ɗigo 2,073,600 ne ake zanawa a kowane firem, 720p kuma 921,600, bai ma kai rabi ba, babu obakulok ɗin da zai taɓa ba ka irin wannan sauƙin, kuma a allo mai inci 14 in wasa ya ɗau zafi ba ka lura da bambancin sosai. A GTA V ka kashe MSAA, ka sauke inuwa da ciyawa, ka gwada DirectX 10. Sabbin gem da yawa na da FSR, wanda AMD ta fitar a 2021 kuma yana aiki har a girafik ɗin Intel, yana zana ƙaramin hoto ya buɗa shi ya cika allo, in gem ɗin ba shi da shi akwai manhajar Magpie kyauta mai yin irin wannan aikin. Sannan ka ɗaure firem a 30 da RivaTuner, talatin da ke tsaye cak ya fi arba'in da ke faɗowa sha takwas duk bayan daƙiƙa biyar daɗin hannu, kuma laftof ɗin na shan iska. SSD kam ba ta ƙara firem, lodi take gaggautawa da rage tsayawar da ake yi in kana gudu da mota gari bai gama fitowa ba, tana da kyau amma ba ita ce wannan maganar ba.

Akwai wuri ɗaya da zan yarda a ƙara, shi ne masu Ryzen. Su ba gudun ake taɓawa ba, kason wutar ake ɗagawa da RyzenAdj ko Universal x86 Tuning Utility, kuma AMD da kanta ta rubuta cewa 3500U na iya aiki tsakanin wat 12 zuwa 35, 2500U kuma 12 zuwa 25, mai ƙera laftof ne ya zaɓi inda zai tsayar da shi daidai da fankar da ya sa. Vega 8 a wat 15 a takure yake, ka ba shi 20 ko 22 sai ka ga ya riƙe gudunsa maimakon ya zube bayan 'yan mintuna, kuma wannan ƙari ne da ake ji a hannu. Amma da sharaɗi, sai bayan RAM ta zama layi biyu, fanka ta sha shara, kuma manhajar HWiNFO na buɗe kana kallon zafi, ka hau wat biyu-biyu, in ka ga yana zama sama da 90 ka sauko. Ka tuna ƙananan sassan da ke tace wuta a madabod su ma zafi suke ɗauka kuma galibi ba za ka ga ma'auninsu ba, laftof ɗin da aka gina don wat 15 ba a yi mata kayan 30 ba. A Intel ma ana iya ɗaga PL1 ta ThrottleStop, sai dai laftof ɗin ofis da yawa suna da wani ɗan guntu a madabod da ke dawo da shi 15 da kansa ko ka so ko ka ƙi.

In aljihu ba nauyi yau, fara da 720p da ɗaure firem da rage turbo, ka kuma duba cajarka. In ɗan kuɗi ya shigo, sandar RAM ta biyu da share fanka a zama ɗaya wurin mai gyara. In duk ka yi waɗannan gem ɗin da kake so har yanzu yana ƙasa da ishirin, to UHD 620 ya kai bango, kuma BIOS ɗin kwaskwarima ba zai tsallakar da shi ba, tara kuɗin za ka yi ka canza. Mai Iris Xe mai sassan aiki 96 ko Ryzen mai Radeon 680M sun yi wa waɗannan nisa sosai muddin RAM ɗinsu layi biyu ce, ka tambaya kafin ka saya. In kuma gem ne ainihin abin da ya kai ka kasuwa, nemi ta hannu mai GTX 1650, ita ma'adanarta ta kanta tana wuce da 128GB a daƙiƙa ba tare da furosesa ya sa mata hannu ba, ka sa a kunna maka gem a shagon na tsawon rabin awa kana kallon zafinta kafin a yi ciniki.